Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Aikin Gayya a Unguwa Ta Kuma Ɗore

Idan ka zaga lungunan Kano, daga Kurna zuwa Sheka, daga Gwammaja zuwa Hotoro, za ka riƙa cin karo da allunan ƙungiyoyin ci gaban unguwa a bakin layi. Wasu fentinsu ya koɗe, wasu sun karkace, kuma in ka tambayi mai shayin da ke gefe zai ce maka rabon da 'yan ƙungiyar su zauna har ya manta. Waɗanda suka kafa su mutanen kirki ne masu kishin unguwarsu. Abin da ya kayar da mafi yawansu shi ne sun fara daga inda ya kamata su ƙare: suna, tambari, ɗinkin riguna da rabon muƙamai, tun ba a yashe ko kwata ɗaya ba.

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar unguwarmu a matsayin sakatare, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na ga tana ɓullewa. Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita kakanninmu suke noma gonar wanda ya gaza, da ita ake ɗaukar jinka, kuma badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa shekaru kusan 900 da suka wuce hannun jama'a ne ya ɗora ta. Abin da ya sauya shi ne birni ya cika ya batse, maƙwabci bai san maƙwabci ba, sai an yi tsari kafin hannuwa su haɗu.

Fara da mutum biyar

Kada ka kira taron unguwa tukuna. Nemi mutum biyar, in sun yi yawa bakwai, kuma kada dukansu su fito daga majalisarku ta hira. Hanyar gane su mai sauƙi ce: duba wanda yake riga kowa zuwa maƙabarta in an yi rasuwa, da wanda yake tsayawa naɗe tabarmi bayan an watse daga ɗaurin aure, da wanda in famfon masallaci ya lalace shi ne yake nemo mai gyara ba tare da an aike shi ba. Irin waɗannan sun riga sun zama 'yan ƙungiya, sunan ne kawai babu. Ka yi ƙoƙari a cikinsu a sami mai sana'ar hannu, kamar magini ko mai walda, a sami malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya, a sami ɗan kasuwa wanda ya iya lissafi. In unguwarku tana da mutanen ɗariƙa da na Izala, ko 'yan gari da waɗanda suka zo daga wasu jihohi, a sami kowane ɓangare tun a zaman farko. In ba haka ba, tun kafin ku ɗaga shebur za a ce ƙungiyar su wane ce.

Ku zaga da ƙafa, ku zaɓi aiki ɗaya

Ku ware yammaci guda ku taka unguwar lungu-lungu da takarda da biro. In lokacin damina ne, ku fita bayan an ɗauke ruwa, don a sannan ne unguwa take nuna ciwonta: inda ruwa yake kwanciya, gidan da yake shiga, kwalbatin da ya toshe, jujin da ya cinye rabin hanya. Ku kuma aika a tambayi matan gida. Su ne suke wuni a unguwar, su suka san kwatar da take hana yara zuwa islamiyya da lungun da 'yan mata suke tsoron bi da magariba.

Za ku dawo da matsaloli sun fi ashirin. Ku ɗauki ɗaya tak, wadda za a iya gamawa a yini ɗaya ko biyu, da kayan aikin da ke cikin unguwa, kuma kowa zai gani da idonsa. Gina makaranta ko haƙa rijiyar burtsatse ba aikin fari ba ne. Ko ƙungiyar Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa da abokansa uku a Chicago ta Amurka a 1905, wadda kuma tun 1985 take cikin jagororin yaƙi da cutar shan inna a duniya, aikinta na farko ga jama'a shi ne samar da banɗakin jama'a a garinsu. A mafi yawan unguwannin Kano, aikin da ya fi dacewa da farawa shi ne yashe magudanar ruwa.

Gaisuwa kafin aiki

Wannan matakin gajere ne amma tsallake shi yana da tsada. Ku fara da mai unguwa, ku je gidansa ku biyu ko uku, da dattijo guda a gaba. Bayan an gaisa, maganar ba ta wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka ga kwatar layin masallaci ta toshe, suke son su yashe ta ranar Asabar. Mun zo neman izini da albarka." Kada ku nemi kuɗi, kada ku kai ƙarar kowa. Shi zai san ko akwai buƙatar sanar da dagaci. Daga nan sai liman: "Allah gafarta Malam, muna roƙon a sanar bayan sallar isha'i." Sanarwar masallaci ta fi takarda ɗari. Sai ku bi gidajen da kwatar ta ratsa ƙofarsu, musamman masu shaguna da waɗanda suka ɗora dakali ko tebur a kanta, ku gaya musu da bakinku tun da sauran kwanaki. Mutumin da aka sanar yakan ɗauke kayansa da kansa, wanda aka yi wa ba-zata kuwa rigima zai tayar.

Ranar aiki

Lokacin da ya fi kyau shi ne watan Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, sannan a maimaita kafin Agusta, watan da ruwa ya fi ƙarfi a Kano. Ku ɗora ranar a kan Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, domin da safiyar nan ana taƙaita zirga-zirga, mutane suna gida, shaguna a rufe.

Tun ana saura mako biyu ku warware tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina za a kai abin da aka kwaso? A nan yawancin aikin gayya yake lalacewa. A yi gumi a fito da taɓo da leda, a jibge a bakin kwata, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan farko ya zo ya mayar da komai inda ya fito, unguwa ta ce an yi aikin banza. Ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB, da sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, ku faɗi rana da layi, ku riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa, ku kuma sa mutum guda ya riƙa bibiya. Duk da haka ku yi tanadin kanku: ku yi magana da mai tifa ko masu kura, ku san kuɗinsu, ku san wurin da aka amince a zubar. Kududdufi da filin wani ba wurin zuba shara ba ne.

Kayan aiki ku aro daga gidaje: shebur, diga, manjagara, baro, bokitai, tsintsiya. Ku rubuta sunan mai kowane abu a takarda, ku ɗaura masa alama, don shebur ɗaya da ya ɓata yana iya hana ku aro har abada. Abin da ya wajaba ku saya shi ne safar hannu mai kauri, takalman roba dogaye ga masu shiga cikin kwata, da takunkumi. Kwatar birni cike take da fasassun kwalabe, reza, ƙusoshi da allurai. Ku ajiye akwatin agajin gaggawa, da sabulu da ruwan wanke hannu. Duk wanda ya yanke, a wanke ciwon nan take a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus, kada a ce ai ɗan ƙarami ne. Yara su tsaya a miƙa ruwa da shara, kada su shiga kwata. Kuma ina roƙonku da babbar murya: kada ku tura kowa cikin rufaffen kwalbati mai tsawo, ko ramin masai, ko tsohuwar rijiya. Iskar da take taruwa a irin waɗannan wurare tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Wannan aikin ma'aikatan kashe gobara ne da masu kayan aikinsa.

Ku fara yasa daga gangare, inda ruwan yake fita, ku yi sama. In kuka fara daga tudu, ruwan da kuka saki zai taru a kan masu aiki a ƙasa. Ku raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da tsawon da zai gama da mai kula da shi: masu haƙa, masu lodi, masu tura baro, masu shara a baya. Leda da robobi a ware su gefe guda, masu sayen roba za su ɗauka. Taɓon kuma a bar shi ya ɗan tsane kafin a loda, amma kada ya kwana biyu. Ku fara da ƙarfe bakwai, ku tsaya kafin rana ta take. Gara a gama rabin layi tsaf a dawo wata Asabar da a taɓa ko'ina a bar shi a hargitse.

Abinci kada ya zama nauyi. Kunu da ƙosai sun isa, kuma in kun sanar da wuri za ku ga gidaje suna aiko da shi da kansu. Ledojin ruwan da aka sha a tattara su a buhu, don abin kunya ne a yashe kwata a bar ledar da za ta sake toshe ta. Da an gama, a mayar wa kowa kayansa a wanke, a je a yi wa mai unguwa da liman godiya a ranar. A ranar ce kuma za ku rubuta sunayen duk waɗanda suka fito. Wannan takardar ita ce rajistar ƙungiyarku ta gaskiya.

Kuɗi

Bayan aiki na biyu ko na uku mutane za su fara cewa a riƙa tara wani abu. A nan ƙungiya take rayuwa ko ta mutu, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ku sa kuɗin wata kaɗan, wanda ɗan acaɓa da ɗalibi za su iya biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Mutum 40 masu biyan naira 500 kowane wata sun tara naira 20,000, kuma wannan ya fi alhaji guda mai ba da 100,000 sau ɗaya, domin mai biyan 500 yana jin ƙungiyar tasa ce, zai kuma tambayi inda kuɗinsa ya shiga. Hannu uku ne za su taɓa harkar kuɗi: sakataren kuɗi yana karɓa yana ba da rasit, ma'aji yana ajiyewa, shugaba yana sa hannu kafin a fitar. Kada mutum ɗaya ya haɗa biyu, ko da shi ne mafi amana a unguwar, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Wannan kariya ce gare su kafin ta zama kariya ga kuɗin. Kada a yi amfani da asusun bankin wani mutum na kansa. Kafin ku sami na ƙungiya, ku taƙaita abin da ake tarawa ga aikin da ke gabanku.

Kowane wata a karanta lissafi a bainar taro: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da rasit a hannu. A liƙa kwafi a allon masallaci, a tura hotonsa a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ko watan da ba a kashe ko sisi ba a karanta.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, kuɗin da aka bayar don wani abu, a kansa za a kashe. Wanda ya ba da don marayu bai ba da don siminti ba, sai in an koma an nemi izininsa. Na biyu, ba a ba da rance daga asusun aiki. Mun taɓa yin haka a ƙungiyarmu: ɗan wani ɗan'uwanmu ya kwanta asibiti, tausayi ya sa aka ranta masa daga kuɗin da aka tara don murfin kwalbati. Bai samu halin biya a kan lokaci ba, kunya ta sa ya daina zuwa taro, damina ta zo kwalbati a buɗe, masu ba da gudummawa suka fara ƙunƙuni. Muka rasa mutum, muka kusa rasa amana. Tun daga nan muka buɗe asusun jin ƙai daban, wanda abin da aka fitar daga cikinsa kyauta ne, ba a jiran ya dawo.

Tsarin mulki da rajista

Sai yanzu ne lokacin suna da muƙamai. Tsarin mulkin kada ya wuce shafi uku ko huɗu, a rubuta shi da Hausa: manufa, wanda zai iya shiga, kuɗin wata, muƙamai, wa'adi, yadda ake fitar da kuɗi, da yadda ake sasanta saɓani. Wa'adin shekara biyu ya isa. Ku naɗa iyayen ƙungiya daga dattawa, mutum uku zuwa biyar, aikinsu nasiha da sulhu, ba riƙe kuɗi ba.

Rajista ku fara da ƙaramar hukumarku, ko Dala ce, ko Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso, Ungogo ko ta Birni, a sashen da ke kula da ƙungiyoyin al'umma. Wannan ta isa ƙungiyar da aikinta bai wuce unguwa ba. In kun kai matsayin mallakar fili ko karɓar tallafi daga manyan cibiyoyi, sai ku nufi Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, CAC, ku yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su, sannan a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki kuma zai iya neman takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, kafin ya buɗe muku asusu. Abin yana cin kuɗi da lokaci, kada ku yi gaggawarsa.

'Yan siyasa

Da zarar an fara jin sunanku za su zo, musamman in zaɓe ya matso. Kada ku kore su, don kansila da shugaban ƙaramar hukuma haƙƙinku ne su yi muku aiki. Ƙa'idar ita ce: abin da za a ba ku ya zo a fili, a rubuta shi a littafi, a karanta a taro, kuma kaya sun fi kuɗi. Baro goma da tifa biyu ta yashi ba sa raba kan mutane kamar kuɗi a ambulan. Ba a sa hular jam'iyya ko hoton ɗan takara a wurin aiki, ba a kuma ɗora hoton kowa a allon ƙungiya. Shugaban da ya yanke shawarar tsayawa takara ya sauka tukuna, a yi masa addu'a. A unguwa ɗaya akwai mabiya kowane gida na siyasar Kano, kuma duk kwata ɗaya suke zuba ruwa.

Mata, da ayyukan da ke biyo baya

Ƙungiyar da babu mata a cikinta rabin unguwa take gani. Ku nemi malamar islamiyyar matan aure ko wata dattijuwa da ake jin maganarta: "Hajiya, muna son iyayenmu mata su kafa nasu ɓangaren, su zaɓi shugabarsu." Su yi taronsu a inda ya dace da su, su riƙe littafinsu, wakiliyarsu ta riƙa kawo rahoto. Su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da mai cikin da ba ta zuwa awo, da marainiyar da aka cire daga makaranta. Namiji zai shekara yana wucewa ta ƙofar gidan bai sani ba.

Daga nan ayyuka za su riƙa zuwa da kansu. Gyaran maƙabarta bayan damina, cike kaburburan da suka rufta da sare ciyawa, da izinin masu kula da ita. Rajistar masu ba da jini, wadda a ganina tana cikin mafi amfanin abin da ƙungiya za ta yi kuma ba ta cin ko kwabo: lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65 wanda nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa. Ku je tare a gwada rukunin jinin kowa, mutum guda ya riƙe sunaye da lambobi, ta yadda in an kira cikin dare daga Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano cewa mai haihuwa ko mai sikila yana buƙata, an san wanda za a tasa. Sai ciyarwar azumi da kayan sallar marayu. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada a jera mabuƙata a ɗauke su hoto da buhun shinkafa a hannu. A ɗauki hoton kayan, a nuna rasit, a kai wa mutane gidajensu bayan magariba ta hannun matan ƙungiya. Yaron da aka watsa hotonsa a Facebook da shaddar sadaka, gobe da abokansa zai zauna a aji.

Batun tsaro kuwa, ƙwacen waya da shaye-shaye za su sa matasa su ce a kafa sintiri. Ku yi taka-tsantsan. Gyara fitilar lungu da sanya ƙofa a layi da yardar mazauna aikinku ne. Kama mutum da dukansa ba naku ba ne. Duk abin da ya shafi sintiri ya bi ta hannun mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku.

Taro da miƙa ragama

Taro sau ɗaya a wata, rana sananniya, kamar Lahadin farko bayan la'asar, kuma a tashi kafin kiran magariba. A buɗe da addu'a, a karanta abin da aka zartar a zaman baya, a tambayi wanda aka ɗora wa kowane aiki ina aka kwana, a karanta lissafi, a tsayar da aiki na gaba da sunan mai shi da ranarsa. Za a yi watannin da mutum shida ne kawai za su zo. Ku zauna ku shida ɗin, ku rubuta, kada ku ɗage. Wanda ya daina zuwa a je gidansa a gaishe shi, kada a yi masa gori a zauren WhatsApp. Sau da yawa za ka tarar rashin kuɗin wata ne ya sa yake jin nauyi, sai a yafe masa bashin a ce ya zo da sheburinsa.

Kowane mai muƙami ya ɗauki matashi guda yana koya masa tun daga shekarar farko. Sakatare ya riƙa ba shi biro ya rubuta bayanin taro, ma'aji ya zaunar da shi su haɗa lissafi tare. In wa'adi ya cika, a yi zaɓe ko da kowa yana cewa ku ci gaba. Ranar miƙa ragama a kawo littafin taro, littafin kuɗi, rasitai, takardun rajista da jerin kayan aiki a gaban iyayen ƙungiya, a ƙirga shebur da baro ɗaya bayan ɗaya, tsohon shugaba da sabo su sa hannu a shafi ɗaya, sannan a je banki a cikin makon a sauya masu sa hannu.